Akwatin da Muka Saka Muryar Mma

Mma, mahaifiyarmu, ba ta son a ɗauke ta hoto. In ta hango mai bidiyo ya nufo ta a gidan biki, sai ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta juya masa ƙeya, ta ce shi dai ba shi da aikin yi sai leƙen mutane suna cin abinci. Saboda haka duk bukukuwan gidanmu da aka ɗauka, abin da ake gani nata bai wuce bayanta ba, ko hannunta yana miƙa kwano, ko gefen zanenta yana ficewa. Wuri ɗaya kawai aka same ta. Ranar auren ƙanwata, a tsakar gidanmu na Salaga, mai bidiyon ya ajiye na'urarsa a kan turmi ya tafi alwala, ya manta bai kashe ba. Na'urar tana kallon murhu, Mma kuwa tana tsaye gaban tukwanen shinkafa tana yi wa masu girki faɗa a kan itace. Ta daɗe tana faɗan, ta koma dariya, ta sake komawa faɗa. Bayan rasuwarta, nan ne kaɗai muryarta ta rage a duniya.

Mu uku ta bari. Yaya yana Bawku yana fataucin shanu da masara, ƙanwata tana gidan mijinta a Yendi, ni kuma ina nan Salaga, ba nisa da gidan da muka tashi. Faya-fayan bukukuwan duk suna hannuna, cikin wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. Ina da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, da na'urar faifai wadda sai an ɗan buga mata kai take buɗe baki. Ba kallo nake yi ba, gaskiya. Nakan saka faifan auren, in tura shi zuwa wurin murhun, in ƙara murya, in fita tsakar gida in ci gaba da tsintar wake. Ina ji tana faɗa daga ɗaki, ina aikina, wani lokaci har in amsa mata.

Da shekara ta zagayo muka haɗu a Bawku domin yi mata sadaka, Yaya ya ce in taho da gwangwanin. Ashe ya sayo sabuwar talabijin daga tsallaken iyaka, irin shafaffiyar nan da ake mannawa a bango, ta cinye rabin falonsa. Yaya mutum ne da in ya sayi abu, sai ka yaba kafin a ba ka ruwan sha. Ya fara kunna mana ƙwallo. Ban taɓa ganin abu haka ba: kowace ciyawa a filin tana tsaye da kanta, gumi yana gangarowa a wuyan ɗan wasa kana bin sa da ido har ya shige riga. Muka yaba, aka ba mu ruwa. Sannan ya ce a saka Mma.

A ƙaramar talabijin ɗina Mma mutum ce. A wannan bangon nasa sai ta zama tabo-tabo, idonta da hancinta sun narke cikin juna, in ta motsa kai fuskar ta watse ƙanana-ƙanana ta sake haɗuwa. Muryar tana nan daram, amma Yaya ba murya ya sayi talabijin don ya ji ba. Ransa ya ɓaci kamar an zage shi. Kuma ana tsakiyar faɗan itacen faifan ya tsaya cik, ya yi tsalle, ya wuce. Da aka fito da shi aka ɗaga a haske, sai ga ɗigo-ɗigon fumfuna a bayansa, aikin daminar Salaga. Na goge shi da bakin zanena na mayar cikin gwangwanin.

Washegari Yaya ya kira wani mai shagon kwamfuta daga bakin kasuwa. Mutumin ya zauna ya shimfiɗa mana magana. Ya ce hanya biyu ce. Ko a kwafe komai a sababbin faya-fayai, kowa ya riƙe nasa, ko a zuba duka a wani ɗan baƙin akwatin ajiya, wanda bai fi sabulun wanki girma ba, mai igiya da ake sokawa kai tsaye a bayan talabijin. Faifai yana karcewa, in ji shi, kuma na'urorinsa sun fara ɓacewa a kasuwa. Akwati kuwa yana ɗaukar bikin gari guda, sai dai ba ya son faɗuwa, ba ya son zafi, ba ya son wutar da take tafiya tana dawowa. Ya ce in akwatin za a yi, gara a yi biyu ko uku. Yaya ya yi murmushin 'yan kasuwa, ya ce ai shi ma in yana sayar da sa, yakan ce wa mai saye sa ɗaya ba ya noma.

Ni faifai na zaɓa. Na ce faifai ina ganinsa, ina riƙe shi, in ɗaya ya mutu sauran suna nan. Wannan akwatin kuwa ban san abin da ke cikinsa ba, kuma ba na son in zuba uwata a abin da ban san cikinsa ba. Yaya ya yi dariya ya ce ni tun ina yarinya tsohuwa ce, har yanzu a bakin zane nake ƙulle duniyata. Ƙanwata, wadda ba ta taɓa saɓa wa wanda ya fi ƙarfin murya a ɗaki ba, ta ce akwatin ya fi zamani. Na ce to, a yi akwati uku.

A nan Yaya ya daina dariya.

"Ɗaya za a yi," in ji shi. "In kowa ya samu nasa, ke ki zauna a Salaga, wannan ta zauna a Yendi, sai dai mu riƙa gaisawa a waya har mu mutu. Mma ɗaya ce. Wanda yake son ganinta ya tashi ya je inda take."

Wanda ba ɗan gidanmu ba zai ce wauta ce. Mu a wurinmu ba baƙon abu ba ne. Haka muke yi da babbar tukunyar biki, haka muke yi da sarƙar zinaren da amaren gidanmu suke sakawa tun zamanin kakarmu. Ba a raba su, ba a sayen irinsu, ba a kuma ba direba saƙonsu. Wanda abin yake hannunsa shi zai ɗauko da kansa ya kai, ya kwana, ya ci tuwon gidan, a ga juna. Mma ce ta fi kowa riƙe wannan ƙa'ida, kuma da bakinta Yaya yake magana a ranar. Wannan ya sa na kasa musu. Har hawaye na ga ƙanwata tana sharewa.

Da mai shagon ya gama zuba komai a akwatin, saura faya-fayan. Na miƙa hannu zan ɗauki gwangwanina, Yaya ya ce a'a. In na koma da su Salaga, ai ni ina da tawa Mma ke nan, ƙa'ida ta karye tun ba a fara ba. Ya ce sun gama aikinsu, kuma ya faɗa da ƙarfi, kowa a falon ya ji, har mijin ƙanwata. Aka yanke a ajiye su a Yendi tunda garin ne a tsakiya. A gidanmu ba a ja da babba a gaban matarsa da surukinsa. Na koma Salaga hannu wofi, ina jin haushinsa tun daga gangaren Nakpanduri har ƙofar gidana.

Ba zan yi masa ƙarya ba, da farko abin ya yi aiki. Akwatin ya riƙa zagayawa, a naɗe cikin tawul, a cikin jakar hannu. Yaya ya kawo mini da kansa, shi da ya yi shekaru bai kwana a Salaga ba. Ni na kai wa ƙanwata, na zauna mata har ta yi wankan jego. Ita ta kai Bawku. Mijina ya sayo mana shafaffiyar talabijin ƙarama, domin mai ƙusumbin ba ta da ramin da za a soka igiyar. Na saba da Mma mai tabo-tabo. Sai dai watannin da akwatin ba ya wurina, gidan yakan yi mini shiru ƙwarai, in tsinci wakena ni kaɗai.

Daga nan Bawku ta shiga shekarun rikici, ba ta zauna lafiya ba. Akwatin yana hannun Yaya lokacin. Hanya ta zama abin tsoro, shi ba ya fitowa, mu ba ma zuwa. Na roƙe shi ya ba direba, ya ce ba a ba direba. Na roƙe shi ya sa wayarsa kusa da talabijin in ji ko kaɗan, ya ce shi kansa ya daɗe bai kunna ba, hankalinsa ba ya wurin, yana fama da yadda zai fitar da shanunsa. Akwatin yana cikin durowa a ɗakin da rana take dafawa tun safe. A wannan tsakanin ne na fara lura da wani abu da ya tsorata ni. In na rufe ido ina ganin Mma sarai, har tsagar da ke kumatunta. Amma in na nemi muryarta sai ta zame mini. Ina sanin tana da kauri, ina sanin tana karyewa in za ta yi dariya, amma sani daban, ji daban. Na riƙa gaya wa kaina ba komai, tana cikin akwati.

Da aka samu sauƙi Yaya ya zo Salaga, ya rame, furfura ta cika masa gemu. Ko ruwa bai gama sha ba na warware tawul ɗin na soka igiyar. Ɗan hasken akwatin ya kama. Sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar ana taɓa cokali a bakin kofi. Talabijin ta ce babu komai. Muka cire, muka hura ramin, muka sake sokawa. Muka kai gidan maƙwabta. Yaya ya riƙe shi a tafin hannunsa yana jin motsin da yake yi, yana cewa ai yana da rai, ga shi yana motsi. Masu gyaran Salaga suka ce sai Tamale, na Tamale suka ce sai Kumasi.

Ni na tafi. Na bi ta Makango, na hau jirgin fito zuwa Yeji, jakar tana kan cinyata na rungume ta da hannu biyu, mata masu kwandunan kifi suna ta kallona ko zinare na ɗauko. A Kumasi aka nuna mini wani mai gyara a saman bene, ɗan zango ne, wato unguwar Hausawa, Hausarsa irin ta kudu. Ya saurari ƙarar sau ɗaya ya girgiza kai. Na ce ya buɗe duk da haka. Ya kwance ƙananan ƙusoshi, ya ɗaga murfin, ya juyo mini da shi.

Faifai ne a ciki. Ɗan ƙaramin faifai mai sheƙi, ina ganin fuskata a jikinsa. Duk gardamar da muka yi a falon Yaya, faifai ko akwati, ashe faifai muka saya aka rufe mana shi a inda ba za mu ga lokacin da ya fara lalacewa ba. Akwai wani zobe da aka karce a jikinsa, zagaye cif, da ɗan gari-gari a gefe. Mai gyaran ya nuna garin da bakin abin kwance ƙusa.

"Hajiya, abin da ka ke nema, shi ne wannan ƙura," in ji shi. "Allura ya ci shi. Ko Turai ka kai, ba zai dawo ba. Ba ka da wani kofi da aka kwafe a gida?"

Na ce akwai faya-fayan asali a Yendi. Ya ce to in gode wa Allah, in yi sauri. A jirgin dawowa ban rungumi jakar ba, na ajiye ta a ƙasa tsakanin ƙafafuna.

Ban tsaya a Salaga ba sai don in canja kaya. Na kira Yaya na ce mu haɗu a Yendi, ya riga ni isa. Da na shiga gidan ƙanwata na tambayi gwangwanin, sai ta fara gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Na san wannan gyaran ɗankwalin tun tana rarrafe. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da gwangwanin, ta buɗe. Zare ne da maɓallai a ciki.

Mijinta ne ya yi bayani, yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba. Wansa yana noman shinkafa a fadama, tsuntsaye sun dame shi, kuma a wajen nan kowa ya san ba abin da ke korar tsuntsu kamar tsohon faifai. A ɗaure shi da zare a kan sanda, iska tana juya shi, rana tana walƙawa. Manoma har bi suke gida-gida suna nema. Ya ce shi da kunnensa ya ji Yaya ya ce sun gama aikinsu, komai yana cikin akwati. Damina biyu ke nan da ya bayar. Na nemi in yi masa faɗa, na rasa ta inda zan kama. Bai saci komai ba, bai yi ƙarya ba, taimakon ɗan'uwansa ya yi da abin da aka ce ba shi da amfani. Na juya wurin Yaya, na ga yadda ya zauna a kan buhun masara yana kallon ƙasa, sai faɗan ya mutu a bakina.

Da safe muka hau babura zuwa fadamar. Tun daga nesa muka hango su suna walƙiya a kan shinkafa, nan da can, har ƙarshen gonar. Abin ya yi kyau, kuma na tsani kyan da ya yi. Wataƙila aurena ne yake lilo a kan wata sanda, bukukuwan sunan 'ya'yan Yaya suna can gefen rafi. Mai gonar ya ji kunya ƙwarai, ya shiga cikin laka da kansa yana tsinko mana su. Rana ta goge rubutun da ke kansu, ba a sanin wane ne wane. Wasu azurfar bayansu ta ɓare, kana ganin sama ta cikinsu. Wasu ya huda su da ƙusa mai zafi domin zaren ya zauna. Ga na wasu gidajen a gauraye, na wa'azi, na fina-finai, duk muka kwashe a zanen ƙanwata.

Muka wanke su da ruwa da sabulu, muka goge da auduga, wani ya ce man goge baki yana cike karce, muka shafa. Samun na'urar faifai mai aiki a Yendi ya ci mana yini guda. Da aka samu aka haɗa ta da talabijin ɗin falon ƙanwata, ita ma irin shafaffiyar ce babba. Muka zauna a tabarma mu uku, Yaya yana sakawa yana cirewa. Yawancinsu na'urar ko juya su ba ta yi. Wani ya kawo rabin wa'azi. Wani ya kawo bikin mutanen da ba mu sani ba, muka zauna muna kallon amaryar wasu.

Bayan la'asar ɗaya ya kama. Tsakar gidanmu na Salaga ce, ga rumfar da aka kafa, ga mutane suna tafiya suna tsayawa suna tsalle. Yaya ya tura shi gaba. Murhu ya fito. Ga tukwanen, ga hayaƙi, ga Mma a tsaye da hannu ɗaya a ƙugu. Hoton yana daskarewa yana sakewa, rabin jikinta kore, amma ita ce, bakinta yana motsi. A maimakon murya sai wani sauti mai soka kunne yake fitowa, yana yankewa yana dawowa. Muka jure shi muna jira ko kalma ɗaya za ta kuɓuto. Ba ta kuɓuto ba. Yaya ya rage ƙarar har ƙasa, muka ci gaba da kallon bakinta.

Ƙanwata ce ta fara. Ta ce a nan ne take ce musu itacen ɗanye ne, za su sa wa shinkafar baƙi hayaƙi. Yaya ya ce a'a, cewa take sun cika wuta, itace ba a rafi ake ɗebo shi ba. Suka juyo gare ni, tunda ni na fi kowa jin faifan nan. Na san duka biyun ta faɗa, amma wanne ne a gaba, kuma me ta ce da ya sa matan suka fashe da dariya, na neme shi na rasa. Shekarun da na yi ina jinsa daga tsakar gida ba kalmomin nake bi ba, muryar nake ji.

"Yaya, to ki faɗa mana yadda take faɗa," in ji ƙanwata. Ni take nufi, haka take kirana in ta manta babban yana wurin. "Ko ba daidai ba. Ki yi muryarta kawai."

Na gyara zama, na sa hannu a ƙugu, na kalli bakin Mma a bango, na faɗi maganar itacen. Muryata ce ta fito, muryar da nake ciniki da ita a kasuwar Salaga. Na ƙara mata kauri na sake. Ƙanwata ta girgiza kai a hankali, ta ce ba haka ba, Mma tana jan ƙarshen magana. Ta gwada ita ma, abin ya fito kamar wasan yara, ta rufe baki da gyale. Yaya ya ce dukkanmu ba mu yi ba, ta fi haka sauri, kuma daga ƙirji take magana. Na ce masa to shi ya yi mana, tunda shi ne babba, shi ya fi mu daɗewa yana jinta.

Ya yi gyaran murya. Ya buɗe baki, ya tsaya, yana kallon talabijin. Mun daɗe muna jiransa. Hoton ya daskare a lokacin da Mma ta ɗaga ludayi, na'urar ta yi ta ƙoƙarin wucewa ta kasa.

"Na manta," in ji shi.

Ba wanda ya tashi ya cire faifan. Daga waje mijin ƙanwata ya aiko a tambaya ko za a iya mayar wa wansa da waɗanda ba su kama ba, domin shinkafar ta fara nuna.